Amon Rumbun Tsakiya

Asabar 5 ga Afrilu, da hantsi

To Safi, kin shirya bik ɗin? Rubuta. Ni ce Adawiyya. Nan Dakoro aka kawo ni aure, nan na tsufa. Ban yi lakwal ba, ko sunana aka rubuta ban gane shi. Mai rubuta mini Safi ce, maƙwabciyata, ta yi shekara talatin tana koyar da yara kafin ta huta. Ta ce in na yi sauri za ta aje bik, in na yi ƙarya kuma za ta yi tari.

Jikata Hamdiya ce ta kawo kayen nan, littafin da Safi ke rubutu a ciki. Shekaranjiya ta sauka daga Yamai da akwati biyu, ɗaya na tufafi, ɗaya na wayoyi da na'urori. Ɗiyar ɗana na fari ce. Ban faɗin sunansa, ke rubuta in kina so. Ta rubuta, ta karanto mini: Sa'adu. To ita ta faɗa, ba ni ba.

Karatun yarinyar na amo ne. Na ce amon mi? Ta ce kowane amo, Iya, yadda yake fita ya bugi abu ya dawo. Na ce wannan har sai an je Yamai? Ta yi dariya. Ta ce a can da ƙarafa suke gwadawa cikin ɗaki, ita kuma ta ce wa malaminta a bayan gidanmu akwai abubuwa bakwai masu zagaye da aka jera tun ba a haife ta ba. Rumbunanmu na laka take nufi. Da su za ta rufe littafin da za a ba ta dipulom a kansa. Ranar ashirin da biyar ga watan nan malamin ke jiran aikin.

Ni kuma aikina in faɗi tarihin rumbunan, a sa a farkon littafin. To ga shi. Uku namu ne, huɗu na ƙannen marigayi maigidana. Na tsakiya shi ne babba. Marigayi ya gina shi shekarar da na yaye ɗana na fari, ni na kwaɓa lakar da ƙafafuna. Rumbun tsimi ne. Ana cika shi a liƙe baki, ba a buɗewa sai yunwa ta shigo gida. In shekara ta yi kyau a fitar da tsohon hatsi a zuba sabo rana guda. Tun da ya rasu ni ke hawa tsani in liƙe bakin, in danna babban yatsana a lakar.

Kuma a wurinmu ba a leƙa rumbun mutum, ba a ƙwanƙwasa shi. Wanda ya ƙwanƙwasa rumbun wani kamar ya ɗaga masa zane ne.

Ya isa na yau.

Lahadi 6 ga Afrilu, bayan la'asar

Yau yarinyar nan ta nuna mini abin da take karantawa, kuma na gane. Rubuta cewa na gane.

Ta ɗauko babban kwanon wanki ta zuba ruwa, ta jera kofunan shayi bakwai a ciki yadda rumbunan suke tsaye. Ta ce in matso, don idona ya yi yana. Ta ɗiga ruwa da yatsa a gefe. Zobe ya fito, ya buɗe, ya bugi kofin farko ya dawo. Wanda ya dawo ya bugi na biyu, na biyu ya mayar wa na farko, na uku ya sa baki. Kafin ka ce haka duk kwanon ya rikice. Amma ta ce in duba da kyau. Akwai wurin da ruwan ke tsalle, akwai wurin da ya kwanta lum kamar ba a taɓa shi ba.

“Haka amo yake yi, Iya. Kowane rumbu yana karɓa ya mayar. Inda amsoshinsu suka haɗu suka dace, ƙara ta yi yawa. Inda suka kashe juna, shiru.”

Na ce ashe kamar tsegumin mata ne a bakin rijiya, kowa ta ji ta ƙara nata ta miƙa.

Ta ce haka ne, sai dai ita tana lissafa abin da kowace za ta faɗa tun kafin ta buɗe baki. Wai ordinatar, injin nan nata mai allo, ke tara lissafin, amma ita ke faɗa masa yadda zai tara.

Na yi shekara hamsin ina wanki a kwano ban taɓa tsayawa na duba ba. Wannan ɗiya da na yi wa wankan jego da uwarta.

Litinin 7 ga Afrilu, azahar

Tun da safe take bayan gida da igiyar awo. Faɗin kowane rumbu, tsawonsa, tazarar wannan da wancan. Ta kakkafa turaka kamar mai shirin ɗaure tumaki ɗari. Ba ta taɓa jikin rumbu ko ɗaya da dunƙule ba, a hankali take zagaya igiyar. Tarbiyya ce.

Da rana ta yi zafi ta zo ta durƙusa gaban ubanta a zaure. Ta ce Baba, a yi haƙuri, na san ba a tambaya, amma lissafin ba ya tafiya sai na san wanne ke cike wanne ba komai. Wai wanda ke cike yana haɗiye amo, wanda ba komai kuma yana rawa da shi kamar ganga. Ya ce ba laifi tunda karatu ne. Ya je ya tambayi baffanninsa a ɓoye, ya dawo ya faɗa mata. Uku ba komai, uku da saura.

Ta ce na tsakiya fa?

Ya ce, “Wannan cike yake har wuya. Shekara biyu ba a taɓa ba. Ga yatsan Iya can a baki.”

Ina zaune ina tsinkar zogale. Na ci gaba da tsinka.

Mi ya sa kika yi tari? Ban faɗi komai ba ai.

Talata 8 ga Afrilu, da safe

Zafi ya yi yawa. Ban ci tuwo ba jiya.

Alhamis 10 ga Afrilu, bayan la'asar

Bari in fara da na daɗi.

Jiya ta kira ni ta nuna mini hoton da lissafin ya fitar. Rumbuna bakwai baƙaƙe, tsakaninsu ja da shuɗi. Ja inda ƙara ke taruwa, shuɗi inda take mutuwa. Ta ce ta ɗauka ana daka a inda muke aje turmi, bakin ƙofar baya. Ta ɗora yatsa a kan wani shuɗi mai duhu, kusa da rumbun ƙanwar marigayi, ta ce, “A nan, bayan rumbun Gwaggo Mata, taki uku wajen gabas, bai kamata a ji daka ba sai kaɗan.”

Safi, na san wurin. Wurina ne. Ina da ƙuruciya, in aiki ya ishe ni, nan nake zuwa in zauna a kan wani dutse. Ana daka ba ka ji, uwar miji tana kira ba ka ji sosai, in ka ce ba ka ji ba ba ka yi ƙarya ba. Tsofaffi suna cewa wurin masu abu ne, wato aljannu, kar a zauna. Ni ban taɓa ganin kowa ba sai ƙadangaru. Ban taɓa faɗa wa mutum ba, har marigayi. Yarinya ta zauna a ɗaki da injin ta tono shi.

Na faɗa mata. Ta yi tsalle ta rungume ni har ɗankwalina ya faɗi. Ta ce Iya ke ce shedata ta farko.

Yau da safe aka je gwadawa. Ta aje akwatin ƙara a wurin turmi, yana buga dum, dum, kamar taɓarya. Ta ɗauki mikoro, abin ɗaukar amo, tana bin turakan ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai wurin dutsen ta tsaya. Ta daɗe tsaye. Ta sake komawa ta sake zuwa.

Ana jin dum ɗin a wurin sarai.

Shirun ya tashi daga nan. Ta same shi can kusa da magarya, taki bakwai daga inda ta ce.

Ta ce, “Iya, ko kin manta wurin?” Na ce ban manta ba. Ta ce to yaushe rabonki da zama a nan? Na ce an daɗe.

Ba a daɗe ba. Da sanyin bana na je na zauna na ji wurin ya lalace. Kar ki rubuta wannan. To tunda kin rubuta, bar shi.

Juma'a 11 ga Afrilu, bayan an sauko masallaci

Intalla ya shigo gari ya biyo gaisuwa. Dole in faɗi ko wanene, don mai karantawa. Buzu ne, makiyayi, daga wajen Azagor. Ubansa abokin marigayi ne. Kowace kaka suna saukowa su zauna a gonarmu, dabbobi su ci kara su bar taki, mu ba su hatsi su ba mu nono. Haka muka taras, haka muka yi. Shekara uku da suka wuce shanunsu suka shiga wake kafin a cire, aka yi cacar baki, ɗana ya rantse ko zangarniya ɗaya ba za ta sake fita daga gidan nan zuwa wurinsu ba.

Bana ba su sauko da dabbobi ba. Abin da ya faru a arewa ya faru. Ba su faɗa ba, ban tambaya ba. Na dai ga mata da yara a bakin gari, cikin tanti biyu, ba raƙumi ko ɗaya.

Intalla ya tsaya daga bakin zaure, bai shigo ba. Ɗana ya amsa sallama yana duban wani wuri. Intalla ya miƙo mini cuku guda biyu a ƙunshe. Na ce ina kuka sami nono? Ya ce wani ɗan'uwa ya ba su aron akuya uku. Na ce yaran fa?

Ya ce, “Suna gudu yanzu, Inna. Har ƙaramar.”

Ya so ya ƙara magana na ce rana na yi, ya tafi.

Mi kike kallona? Rubuta abin da na ce. Na ce rana na yi.

Lahadi 13 ga Afrilu, hantsi

Ta sake awo. Ta ce ko iska ce, ta jira iska ta kwanta. Ta ce ko awaki ne, aka kore su. Ta canza mikoro. Shirun yana nan wurin magarya.

Litinin 14 ga Afrilu, la'asar

Malaminta ya kira. Da faransanci suka yi, amma na ji muryarta tana ƙanƙancewa. Safi ta ji ta katanga, ta fassara mini. Wai in lissafi da awo ba su haɗu ba, to lissafin ne ba daidai ba, kuma ba zai sa hannu a kan abin da ba daidai ba. In ba ta gyara ba kafin ashirin da biyar, sai baɗi.

Shekara biyar tana can. Uwarta ta rasu tana aji biyu, ta zo ta yi kwana bakwai ta koma da kumburarrun idanu ta ci jarrabawa.

Ina kallonta ta taga. Takardu a tabarma, tana bi layi layi da yatsa, tana motsa baki kamar mai jan carbi. Ba ta zargin kowa. Ba ta ce rumbu ne ya karkace ba, ba ta ce malam ne mugu ba. Kanta kawai take bincike. Ni da ni ce da tuni na ɗora wa aljannu.

Da daddare ban jin yunwa, da rana ban jin yunwa.

Talata 15 ga Afrilu, da safe

Ɗana ya ce bana ba ya fargabar bazara ko ta yi tsawo, tunda na tsakiya na nan. Na ce Allah ya kawo ruwa da wuri.

Laraba 16 ga Afrilu, azahar

Wani abu ya faru ban gane kansa ba.

Na kai mata fura. Na taras tana zaune gaban ordinatar, hannu a baki. Hoton ja da shuɗin nan ne, amma shuɗin mai duhu ya koma gefe. Ko da idona na gani. Na ce ba wurin magarya ba ne nan? Ta zabura. Ta ce eh. Na ce ashe ya haɗu, alhamdu lillahi. Mi kika gyara?

Ta dube ni. Ta daɗe tana dubana, irin duban da uwarta ke yi.

Ta ce, “Ba komai, Iya. Wasa nake yi da shi. Wannan ba na gaskiya ba ne.”

Ta rufe injin. Ta sha furar duka, ta ce ta yi daɗi, ta tambaye ni ko ƙafata ta daina ciwo.

Alhamis 17 ga Afrilu, hantsi

Ta cire turakan. Ta naɗe wayoyi ta sa a akwati. Ta faɗa wa ubanta a gabana wai aikin ya fi ƙarfinta, za ta bari sai baɗi ta nemi wani abu ta yi a kai. Ya ce shekara guda fa, Hamdiya. Ta ce ba komai Baba, kaina ne bai kai ba.

Kanta ne bai kai ba.

Kanta.

Juma'a 18 ga Afrilu, da safe

Yau Safi ce ta fara magana, ni na saurara. Ta ce sai na bari ta rubuta abin da ta faɗa mini, in ba haka ba in nemi wani marubucin. To rubuta.

Jiya Safi ta je wurin yarinyar ta ce ta nuna mata hoton nan na Laraba, a matsayin tsohuwar malama. Yarinyar ta ƙi, Safi ta matsa mata. Ashe da ta rasa kuskure a lissafinta sai ta juya tambayar. Ta ce wa injin, a ɗauka lissafina daidai ne, to wane rumbu ne ba yadda aka faɗa mini yake ba? Ta riƙa sauya su ɗaya ɗaya. Wannan a ce cike, wancan a ce ba komai. Shida ba su ba da komai ba. Da ta ce na tsakiya ba komai, duk turakan nan arba'in suka faɗa daidai, har shirun magarya.

Safi ta ce mata to ai kin gama, aika wa malam. Yarinyar ta ce in ta aika, Baba zai nemi a karanta masa littafin, don ya riga ya faɗa wa mutanen masallaci. Ta ce yatsan Iya ne a bakin rumbun. Ta ce ba ta san dalili ba, amma Iya ba ta yin abu ba dalili, kuma ita ba za ta ɗaga wa kakarta zane don takarda ba.

Ba ta taɓa shi ba, Safi. Ba ta hau tsani ba, ba ta ƙwanƙwasa ba. Daga nesa, da kunne da lissafi, ta ga cikin abin da na liƙe da hannuna. Ta gani kuma ta rufe baki.

Ba ni ruwa.

Juma'a dai, bayan la'asar

Rubuta, kuma ba za ki yi tari ba.

Da sanyin bana ɗana ya tafi cin rani wata uku. Na je bakin gari neman itace na ga ƙaramar jikar Intalla tana tauna kara. Ba rake ba, karan hatsi busasshe. Na dawo na kwana biyu ina jin muryar marigayi. Shi ya ce ba a buɗewa sai yunwa ta shigo gida. Bai taɓa cewa ina gidan ya tsaya ba. Uban Intalla ya ɗauke mu a raƙumi zuwa likita ranar da ɗan nan nawa ya so ya mutu da ƙyanda.

Ranar kasuwa, da azahar, unguwa ba kowa, na hau tsani na fasa lakar. Intalla da matarsa suka zo da jaki. Sau shida muka yi haka. Na bar dami huɗu na iri a rataye daga sama, ban haukace ba. Na kwaɓa sabuwar laka na liƙe, na danna yatsa, na shafa toka don ta yi kamar tsohuwa.

Na ce in damina ta yi kyau zan cika shi kaɗan kaɗan daga gayaunata, ba wanda zai sani. Na yi lissafin ɗana, na yi na maƙwabta, na yi na ɓeraye. Ban yi lissafin jikata za ta zo da kunnen ƙarfe ba.

Ban yi nadamar hatsin ba. Tokar nake jin kunya.

Asabar 19 ga Afrilu, azahar

An yi.

Bayan an karya na ce wa ɗana ya biyo ni bayan gida. Na ce wa Hamdiya ta zo da mikoronta. Ta ce Iya, don Allah ki bari. Na ce ɗauko. Na ɗauki taɓarya. Ƙannen marigayi biyu suna wurin suna gyaran jinka, na ce su ma su tsaya, ba sai an kai musu labari ba.

Na tsaya gaban na tsakiya. Shekara hamsin da wani abu ban taɓa dukansa ba. Na ɗaga taɓaryar na buga masa a ciki, ba da ƙarfi ba.

Ya amsa. Kin ji ai daga gidanki. Bum, mai tsawo, har sauran shidan suka karɓa suka mayar, yadda yarinyar ta nuna mini a kwano. Kaji suka watse.

Ɗana ya kawo tsani ya hau, ya dubi yatsana a lakar, ya fasa. Ya leƙa. Ya daɗe kansa na ciki. Ya fito da dami ɗaya na iri ya duba ya mayar.

Daga saman tsanin ya ce, “Ɓarayi ne, Inna?”

Hanya ya ba ni. Na gane. Na ce ba ɓarayi ba ne, ni ce. Na ba Intalla.

Ya sauko. Ya kwantar da tsanin a inda ake aje shi, ya kakkaɓe hannu, ya fita ta ƙofar baya.

Na juya na ce wa Hamdiya, ke kuma je ki aika wa malamin nan. Kanki ya kai. Tana kuka tana cewa Iya kin sa mini mikoro ya kusa fashewa.

Litinin 21 ga Afrilu, da safe

Ɗana ya gaishe ni daga bakin ƙofa. Bai zauna ba. Tuwonsa ya dawo yadda aka kai.

Talata 22 ga Afrilu, la'asar

Ta mayar da turakan, ta sake awo duka tun daga farko. Na ce ba kin riga kin sani ba? Ta ce sani daban, nunawa daban. Yanzu da bakin rumbun yake a buɗe wai amon ya ɗan sauya, sai ta roƙe ni na sake liƙewa yadda yake. Na liƙe. Ban shafa toka ba.

Tuwonsa ya dawo rabi.

Alhamis 24 ga Afrilu, azahar

Malamin ya kira. Wannan karon muryarsa har tsakar gida. Ya sa hannu. Wai babin da ya fi kowanne shi ne inda ta gano rumbun da ba komai ba tare da ta buɗe ba, wai da irin wannan ake duba cikin abin da ba a iya fasawa. Ya tambaya ko za a sa sunan mai rumbun. Ta rufe wayar da hannu ta tambaye ni. Na ce a sa. Adawiyya, Dakoro. Dalili kuma ba na littafi ba ne.

Ta ce Iya, kin san ke kika fara gano wurin shirun, shekara hamsin kafin ni. Na ce ni gudun daka ya kai ni, ke kuwa da gangan kika je.

Asabar 26 ga Afrilu, bayan la'asar

Ta tafi da motar safe. Ta bar turke ɗaya wurin magarya, ta ɗaura masa shuɗin ƙyalle.

Ɗazu na nemi ɗana ban gan shi a zaure ba. Na leƙa bayan gida na hango farar riga gindin magarya. Maƙwabta na daka. Ko ina iya kiran sunansa ba zai ji ba a wurin, balle ban iyawa. Sai na taka na je.

Yana zaune a ƙasa kusa da turken. Ashe ya mirgino dutsena daga tsohon wurin. Da ya gan ni ya tashi tsaye ya nuna mini dutsen. Na zauna. Shi ya koma ƙasa.

Da gaske ba a jin dakan sai kamar daga wani gari.

Can ya ce, “Da kin tambaye ni, Inna, da na hana.”

Na ce na sani.

Ya ce, “Na je bakin gari jiya. Na ga yaran.” Ya tsinki ciyawa yana murzawa. Ya ce ya faɗa wa Intalla in Allah ya ba su dabbobi, gona tana inda suka san ta, amma a jira a cire wake.

Na ce bazarar fa?

Ya ce za a rage cokali, iri dai na nan. Sai ya ce wai ya tambayi Hamdiya kafin ta hau mota, dami nawa za a zuba kafin shirun ya koma wurinsa na da. Ta ce ba ya komawa gaba ɗaya, a hankali zai riƙa matsawa, kuma in an faɗa mata inda ya kai za ta faɗi yawan abin da ke ciki daga Yamai.

Ya ce, “Kin ga yanzu ba mai sauran ɓoye komai a gidan nan.”

Na ce to in kaka ta yi kai za ka riƙa matsar mini da dutsen.

Ya ce to.

Rufe kayen, Safi. Akwai sauran tuwo? Yunwa nake ji.